Wandon Lawali a Birnin Yamai

Tun da muka dawo daga Yamai ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago, ya ja benci ya zauna, ya ce in ba shi labari. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji ya fita sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya a bakin tashar jirgin ƙasa na tarar da mai shayi yana rantsuwa wai tutar ƙasa na yayyanka. Ban yanka tutar kowa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya zo tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuwa in ci gaba da ɗinkina.

Sunana Garba, tela ne ni a Ƙauran Namoda, kuma ban san komai game da ƙwallo ba. Ɗan yayata ne ya jawo ni cikinta. Sunansa Lawali, shekararsa goma sha biyar, a Zurmi yake gidan mahaifinsa Malam Isuhu. Wani malamin wasanni ɗan Shinkafi, Koci Bawa, shi ya tsinto yara daga makarantun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi ya haɗa ƙungiya, suka dinga cinye jihohi ɗaya bayan ɗaya har aka rasa wanda zai tare su. Sai aka ce su za su wakilci ƙasa a gasar matasa ta ƙasashen yammacin Afirka da za a yi a Yamai. Ƙasar da ta ɗauki kofin ita kaɗai za ta wuce zuwa babbar gasar duniya, wadda ake haɗa gudu da dambe da ninƙaya da ƙwallo duk wuri ɗaya. Lawali ke buga musu gaba.

Matsalar Malam Isuhu ba ƙwallon ba ce, gwiwa ce. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, na ga mutane da yawa sun tsayar da gemu cikin mako biyu, suna kawo mini wanduna in ɗage musu ƙafa. Malam bai kawo komai ba, don shi dama can haka yake. A wurinsa tsakanin cibiya da gwiwa al'aura ce, ko a masallaci ko a filin wasa. A gida ya bar yaron yana bugawa ne saboda na ɗinka masa wando mai sauka ƙasan gwiwa. Amma da aka ce ƙasar waje, sai ya ce a'a. Sau biyu ina zuwa Zurmi ina dawowa hannu rabbana. A na uku na durƙusa a zaurensa na ce, "Allah shi gahwarta Malam, ni zan tahi da shi. In anka ga gwiwatai a hili, ni za ka kama."

Can ya ce, "Garba, ban ce ka ɗauka ba, kai kac ce ka ɗauka. To na ba ka shi zuwa Yamai. Abin da ag gaba da Yamai, sai kun dawo mu gani."

Haka Koci Bawa ya sa sunana a takarda a matsayin mai kula da kayan wasa, na rufe shago na ɗauki allura da zare da almakashina.

Manyan jami'an wasanni na Abuja ta jirgin sama suka tafi. Mu kuwa aka aiko mana da doguwar mota daga Gusau, sabuwa fil, kujeru da ledarsu, tagogi da labule kore mai kauri. Direbanta Ɗan Ige, gajeren mutum mai faɗa, yana lallaɓa ta kamar amarya. Kafin mu bar Ƙaura sai da ya tsaya a tsakiyar mota ya kafa doka: ba cin gyaɗa, ba ɗora ƙafa a kujera, wanda kuma ya share hannunsa da labule zai sauka ko a tsakiyar daji ne. A Zurmi muka ɗauki Lawali. Yayata ta cika mana buhu da hoce da ƙuli-ƙuli kamar masu tafiya Makka da ƙafa, yara suna ta dariya. Malam bai fito ba, daga cikin zaure ya yi mana addu'a.

Muka bi ta Gurbin Baure muka faɗa Jibiya, azahar ta same mu a bakin iyaka. Na wajenmu suka duba takardu suka yi wa yara fatan alheri. Da muka tsallaka sai jandarmomi suka ce kowa ya sauko da jakarsa. Wani dogo ya zaro almakashina, wanda tsawonsa ya kai kamu guda, ya ɗaga shi sama yana tambayar abin da ya haɗa wannan da balo. Balo ne sunan ƙwallo a bakinsu. Na ce ni tela ne. Ya ce a takarda ba a rubuta tela ba. Ana cikin haka na ga maɓallin aljihun kakinsa yana reto da zare ɗaya. Sai na zaro allura daga hulata na kama aljihun na ɗinke shi yana tsaye. 'Yan uwansa suka fashe da dariya, shi ma ya murmusa ya miƙo mini almakashina ta wajen mariƙi.

A Maraɗi muka kwana. Abin da ya ba yaranmu mamaki, Hausar mutanen can ta fi kusa da tamu a kan ta Kanawa, "munka" da "sunka" suke yi kamar a Shinkafi. Burodinsu ne dai ba irin namu ba, dogo ne siriri kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Mai masaukinmu ya kafa shayi a ɗan ƙaramin buta, ya miƙo mini kofi wanda bai fi ƙoƙon awon magani ba. Na kurɓe shi da ɗacinsa, na yi godiya na miƙe. Sai ya riƙo rigata ya ce ina za ni, saura biyu. Ashe su sau uku suke dafa ganye ɗaya, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Abin da mai shayin Ƙaura ke sallamar mutum da shi cikin minti biyar, su sai da muka ci awa biyu a kansa, amma na fi jin daɗin hirar.

Washegari muka miƙa yamma, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Daga Doso Hausa ta fara ja da baya, Zabarmanci ya karɓi hanya. Mun shiga Yamai da la'asar. Na ga raƙumi da kayan itace yana tafe cikin jerin motoci ba wanda ya kula shi. Na ga mata a kan babur, su ke tuƙi, wata ma da mijinta a baya. Mu da muka baro garin da aka ware wa mata motocin hayarsu daban, sai kowa ya zuba ido yana kallo. Ɗan Ige ya ce, "La haula," ya kusa taka wa wani ɗan sanda ƙafa.

A wata makarantar kwana aka sauke mu tare da yaran sauran ƙasashe. Abincin farko da aka kawo ɗanyen ganye ne da tumatir da mai. Wani yaro ɗan Sakajiki ya dubi farantin ya ce, "Koci, an manta ba a dahwa ba." Ranar hocen yayata da ake yi wa dariya shi ya ceci ƙungiya, kwana uku ana rabonsa kamar magani. Daga baya muka gano wata mai dambu da zogale a bayan katanga, ita ta riƙe mu har muka taso.

Wasanni uku muka yi kafin na ƙarshe. Mun ci biyu, ɗaya aka tashi ba ci. Lawali ya zura uku a ciki. 'Yan kallo suka raɗa masa suna Alhaji saboda dogon wandonsa, da ya karɓi ƙwallo sai fili ya ɗauka. Ni dai ina gefe da buhun riguna, ina jin daɗi ina kuma cewa a raina ashe abin da sauƙi.

Wasan ƙarshe ranar Lahadi ne da ƙarfe huɗu, da yaran wata ƙasa ta bakin teku. Ƙarfe tara na safe aka kira taron duba kaya. Na shimfiɗa rigunanmu da wanduna a kan tebur. Sai kocin waɗancan ya miƙe ya ɗauki wandon Lawali da yatsu biyu, ya jera shi da na wani yaro, ya yi ta zuba Faransanci. Babban jami'in wasa, wani dattijo mai tabarau, ya saurara har ƙarshe ya gyaɗa kai. Tafintanmu ya ce wai doka ta ce duk 'yan wasan ƙungiya ɗaya kayansu iri ɗaya ne, an kau da kai a wasannin baya, amma tunda an kai ƙara ba za a ƙara kau da kai ba. Ko Lawali ya sa irin na kowa, ko ya zauna a benci.

Na ce a tambayi dattijon, mai tsaron gida fa, da ke sa wando har idon sawu. Ya ce mai tsaron gida dokarsa daban. Na ce to dokar ta faɗi tsawon da wando zai kai? Dattijon ya buɗe littafinsa ya duba, ya rufe. Ya ce ba ta faɗa ba, ta dai ce su zama iri ɗaya, kuma ƙarfe uku zai sake dubawa.

Da muka fito Koci Bawa ya ja ni bayan mota. Mutumin kirki ne, shekara uku yana bin yaran nan da babur ɗinsa ƙauye-ƙauye. Ya ce, "Garba, don Allah ka dube ni. Awa ɗaya da rabi ce. Zurmi ba talabijin, ba wanda za shi hwaɗa ma Malam. In yaron ga bai buga ba, wallahi ba mu cin wasan ga."

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta shige ni. Na dubi Lawali, yana tsaye riƙe da takalmansa. Ya ce, "Kawu, abin da kac ce shi za ni yi." Da ya yi gardama ma da ya fi mini sauƙi. Na shiga mota na zauna ni kaɗai, na ɗauko gajeren wando daga buhu na ɗora a cinya. Har na fara tsara yadda zan gaya wa Malam cewa komai ya tafi daidai. Sai na ji kunya ta rufe ni tun ban faɗa ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na sa hannu zan ja labule saboda rana ta dame ni, sai na ji kaurin yadin a yatsuna. Na jera shi da wandon. Kore ne, ya ɗan fi na wandon duhu kaɗan.

Na fito na ce wa Koci ya tara yara. Na ce musu tunda ba za a rage na Lawali ba, sai dai a ƙara na kowa, in sun yarda. Kyaftin ɗinsu, wani baƙin yaro ɗan Katuru mai suna Sama'ila, ya ce, "Kawu, ana iya gudu da shi?" Na ce ya tambayi masu tsaron bayan da Lawali ya wuce. Ya cire wandonsa daga jaka ya jefo mini, sauran suka bi.

Ɗan Ige ne ya tayar da ƙura. Na fara cewa ya kai ni kasuwa ko za a sami yadi, muka je muka tarar babbar kasuwa a rufe, don su Lahadi ce ranar hutunsu. Da na nuna masa labule sai ya kashe mota ya fito ya tare ƙofa. "Kayan gwamnati na! Ni anka damƙa ma. In na koma Gusau in ce mi?" Na ce ya ce tela ya ci amanarsa, kuma ni zan ɗinka masa sabo da yadin da ya fi wannan. Ya ce ba ya so. Sai Sama'ila da ya biyo mu ya ce, "Baba Ɗan Ige, in munka ci kofi, labulenka na ac cikin hoto." Ɗan Ige ya yi tsaki, ya hau da kansa ya fara zare su, yana ta zagina har ya gama. Ya ce in ban yanka su da kyau ba Allah ya isa.

Saura keke. Mai dambun nan ce ta haɗa mu da ƙanwarta, wata Bazabarma da ake kira Madam Hamsa, mai ɗinki a cikin gidanta. Kekuna uku gare ta da 'yan mata biyu masu koyo. Na tsaya a bakin ƙofa ina sallama ina jiran a ce maigida ya fito, sai ta leƙo ta ce da Hausarta mai karyewa in aiki na zo in shigo, in gaisuwa na zo ta amsa. Na shiga. Ta ɗauki wando ɗaya ta juya shi, ta saurari bayanina, ta ce kada in yi ƙari a miƙe, in yanka shi da ɗan buɗewa ta ƙasa don kada ya kama yaro in ya ɗaga ƙafa. Shekarata ashirin da biyu ina ɗinki, ban so a ce mace ta gyara mini yanka ba, amma gaskiyarta ce, na bi.

Wanduna goma sha huɗu ne, in aka cire na masu tsaron gida biyu. Har na Lawali sai da na datse na yi masa ƙari da labule, don kada a ce korensa ya bambanta. Ni ina yanka, ita da yaranta suna takawa, daga baya na karɓi keke ɗaya. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu ranar muka fafe. Sallar azahar a tsakar gidanta na yi, zare duk a jikin rigata. Ƙarfe uku saura kwata muka shiga filin wasa. Dattijon mai tabarau ya jera yaran, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kallon gwiwa. Kocin waɗancan ya buɗe baki zai yi magana, dattijon ya ɗaga masa hannu ya ce iri ɗaya ne.

Da yaranmu suka fito, fili ya kece da dariya. Aka daina cewa Alhaji, aka koma Alhazai. Amma dariyar ta ƙauna ce, don mutanen Yamai mu suka mara wa baya.

Masu tambayata yadda wasan ya kasance, ku yi haƙuri, ban gani sosai ba. Ɗinki nake kallo. Duk yaron da ya zame a ƙasa sai gabana ya faɗi, in bi shi da ido har ya tashi in ga ƙarin na nan. Waɗancan suka fara ci kafin hutu, Lawali ya rama da ka bayan an dawo. Saura minti kaɗan a tashi na hango ɗinkin ƙafar hagu ta Sama'ila ya fara buɗewa ta gefe, kuma na san wandon, ni na taka shi da hannuna a gurguje. Na miƙe ina addu'a ya kai ƙarshe. Idona na kan wannan zaren lokacin da ƙasa ta girgiza, Ɗan Ige ya rungume ni ta baya yana kuka yana cewa labulensa ya ci. Sai daga baya aka ba ni labari cewa Lawali ne ya ja mutum uku gefe, ya turo wa Sama'ila ƙwallo, shi kuma ya narka ta a raga. Biyu da ɗaya aka tashi. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba, har na zauna a kan buhun riguna.

Dawowa mun sha rana, mota ba labule tun daga Yamai har gida, amma ba wanda ya yi ƙorafi, har gyaɗa aka ci Ɗan Ige ya yi kamar bai gani ba. Jandarman nan na bakin iyaka ya nemi a ba shi kofin ya ɗaga. Tun daga Gurbin Baure 'yan babur suka tare mu suna busa ƙaho, suka rako mu har cikin Zurmi.

Na bar hayaniyar a bakin titi na kama hannun Lawali muka shiga zauren Malam. Yana zaune inda na bar shi. Muka gaisa, ya sa wa yaron albarka ya ce ya shiga wajen mahaifiyarsa. Bai tambayi kofi ba. Na ba shi labari tun daga taron safe har gidan Madam Hamsa, yana saurare yana jan carbi. Da na gama ya ce, "Da ba a samu labulen ba hwa?"

Na so in ce da bai buga ba. Amsar na bakina, kuma ba mai ƙaryata ni. Sai na ce, "Allah shi gahwarta Malam, ban sani ba. Na ɗauko gajeren wandon har na aza shi bisa cinya. Na kusa."

Ya ci gaba da jan carbi har na fara da na sanin faɗa. Daga waje ana ta kiran sunan Lawali. Can ya ajiye carbin ya ce, "Da ka ce mani ba ka kusa ba, da ban ƙara ba ka shi ba." Ya gyara zama. "Wancan gari da anka ce za su, nisa garai?"

Na ce an ce sai an tsallaka teku.

Ya ce, "To ka tahi da shi. Amma wanga karon ka auna su dut tun nan gida, ka bar ma mutane labulensu."